Harshe Tsakanin Haƙora

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a cikin birnin Katsina, kuma har yanzu babu lokacin da yake tsaya mini a rai kamar makon farko na zangon farko, lokacin da sababbin 'yan aji ɗaya suke shigowa. Yara ne 'yan shekara goma sha ɗaya zuwa sha uku, wasu daga unguwannin cikin ganuwa, wasu daga ƙauyukan da ke bayan Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri, sanye da sababbin kayan makaranta waɗanda aka ɗinka da yalwa domin su kai su aji uku. Tun daga baranda nakan jiyo hayaniyarsu kamar kasuwa ta cika: wannan yana ba da labarin ƙwallon jiya, waccan tana kwaikwayon faɗan kakarta, wani kuma yana jero hujja bayan hujja a kan wurin zaman da aka ƙwace masa. Ina sa ƙafa a ƙofa sai su miƙe su gaishe ni da Turanci baki ɗaya, da murya mai ƙarfi, domin gaisuwar tun firamare aka haddace ta. Amma da zarar na yi tambaya guda wadda ba ta cikin hadda, sai su yi tsit kamar ruwa ya ci su, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon saman bencinsa.

Wannan shirun shi ne abin da na fi daɗewa ina kokawa da shi. Yaron da ɗazu yake kafa hujja kamar a gaban alƙali, cikin minti ɗaya ya koma wanda za a kalla a ce daƙiƙi ne, alhali babu abin da ya ragu daga basirarsa, bakin da yake fitar da ita ne aka rufe. Idan aka daɗe ana kallonsa a haka, shi ma yakan yarda, kuma yaron da ya yarda cewa shi ba ya ganewa ya fi wanda bai san komai ba wuyar koyarwa.

A shekaruna uku na farko ni ma na taya rufe wannan bakin, kuma abin yana damuna duk lokacin da na tuna. Na tarar da doka a makarantar cewa duk wanda aka kama yana "banakula", wato yana magana da Hausa, monita zai rubuta sunansa, a ci shi tara ko a sa shi sharar fili. Na bi dokar da zuciya ɗaya, domin na ɗauka ita ce hanyar da za ta tilasta wa yara Turanci. Ajina kuwa ya yi lafiya lau, babu surutu, har ana yaba mini. Sai da ƙarshen zango ya zo, na zauna da takardun jarrabawa, na ga abin da ladabin nan ya haifar. Yaran ba su ƙara Turanci ba, tambaya suka daina yi. Mu kuwa a wurinmu matambayi ba ya ɓata, ni kuma na shafe shekara ina hukunta mai tambaya saboda harshen da ya yi ta da shi.

Kada a ɗauka ina raina nauyin Turanci a rayuwar waɗannan yara. Tsarin da muka taso muka tarar, wanda ya samo asali daga manufar ilimi ta ƙasa da aka fara fitarwa a 1977, shi ne a koyar da yaro da harshen yankinsa a azuzuwan farko na firamare, sannan a juya zuwa Turanci daga aji huɗu. Saboda haka a takarda, yaron da ya iso hannuna ya riga ya shekara uku yana karatu da Turanci. A zahiri kuwa da yawansu sun shekara uku ne suna kwafar Turanci daga allo zuwa littafi. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a 1999, aka yi masa doka a 2004, ƙaramar sakandare ta zama ƙarshen karatun tushe na shekara tara da ake so kowane yaro ya samu, kuma wannan alheri ne babba. Sai dai ya tara mana yara masu mataki daban-daban a aji ɗaya: akwai mai karanta sakin layi ba gargada, akwai wanda har yanzu yake haɗa baƙi da wasali da yatsa. Dukkansu kuma da Turanci za su koyi lissafi da kimiyya, da shi za su zana jarrabawar BECE a ƙarshen aji uku, kuma in Allah ya kai su gaba, ba za su shiga jami'a ba sai da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, ga kuma JAMB da ta wajabta shi a kan kowa. Yaron da ya bar hannuna bai iya karanta Turanci ya fahimta ba, darussansa duka na bar masa a kulle.

Abin da ya sauya mini hanya ya faru ne a wata safiya ta hunturu, a darasin furuci. Ina ta fama da sautin farko na kalmar "think", yara suna ta maimaita "sink", ina gyarawa suna komawa, har murya ta fara dushe mini. Na zana baki a allo, na zana haƙora da harshe, na nuna musu da nawa bakin, suka yi ta dariya a ɓoye, domin a tarbiyyarsu fito da harshe a gaban babba rashin kunya ne. A layin baya, kusa da taga, akwai wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba tun farkon zango, kullum hijabinta a jaye har goshi. Sai na ga leɓɓanta suna motsi, ta ce wa ta kusa da ita wani abu. Monita ya ɗauki biro zai rubuta suna, na ɗaga masa hannu ya dakata.

Na ce, "'Yata, me kika ce? Faɗa mini da Hausa."

Ta miƙe tana rawar murya ta ce, "Malam, cewa na yi wannan ai harafin da ke cikin Kausar ne, mai ɗigo uku. Malamin Islamiyyarmu ya ce kan harshe yake taɓa bakin haƙoran sama."

Na ce ta karanta ayar farko ta surar. Ta karanta, kuma harafin ث ya fita daga bakinta tsaf, daidai sautin da na kwashe minti ashirin ina nema. Na ce, "To, riƙe harshenki a nan inda yake, ki ce mini kalmar da ke allo." Ta faɗa sarai, babu tangarɗa. Na juya ga sauran na tambayi masu zuwa Islamiyya, kusan hannu duka ya tashi. Muka koma Fatiha, muka ɗauko ذ na "allazina" kamar yadda mai tajwidi yake fitar da shi, muka ɗora shi a farkon "this" da "that" da tsakiyar "mother". Kafin a kaɗa ƙararrawa, abin da littafinmu yake lissafawa cikin sautuka masu wuya ga Bahaushe ya zauna a bakin mafi yawansu. Na fita ajin ina mamakin yadda na yi shekaru ina neman abu a nesa alhali yaran suna zuwa da shi kullum daga gida.

Daga baya na zauna na yi tunanin dalilin. Hausa ba ta da waɗannan sautuka biyu, shi ya sa tun da can da ta ari kalmomin Larabci ta mayar da su nata: muna cewa Usman da hadisi da "s", muna cewa zikiri da izini da "z". Yaron da ya ce "sink" ko "zis" yana bin wata ƙa'ida ce wadda ta girmi kakansa. Makarantar Islamiyya kuma ta koya masa karya wannan ƙa'ida a inda ya wajaba, ta hanyar sanin mafitar kowane harafi. Aikina kawai shi ne in nuna masa cewa ƙofar da ya saba bi a can tana buɗewa a nan ma.

Tun daga ranar na fara sauraron kurakuran yara da wani kunne dabam, kuma na lura kusan kowanne yana da uba a Hausa. Turancin da muke koyarwa yana da sautuka 44 da ake rubutawa da haruffa 26 kacal, kuma 20 daga cikinsu wasula ne. Hausa tana da wasula biyar, kowanne da dogo da gajere, sai tagwaye biyu, "ai" da "au". Wannan tsawo da gajarta ma taimako ne: yaron da yake jin bambancin garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, ba zai daɗe ba zai ji bambancin "ship" da "sheep". Rikicin "p" da "f" ya fi jan lokaci, domin a Hausa ba sa bambanta ma'ana, balle mu Katsinawa da muke cewa "hwari" da "tahi". A nan ina amfani da 'yar takarda: kowa ya riƙe ta a gaban leɓɓansa, a "p" leɓɓa su haɗu su fashe takardar ta yi tsalle, a "f" haƙoran sama su sauka a kan leɓen ƙasa iska ta zarce. Ba na taɓa ce wa yaro furucin garinsu kuskure ne. Nakan ce masa wancan na Katsina ne, ya riƙe abinsa, wannan kuma na Turanci ne, ya ƙara a kai.

Akwai wani yaro da ba zan manta ba, wanda yake zuwa wajen wani mai gyaran babur bayan an tashi, kullum da baƙin mai a ƙarƙashin faratansa. Ya ce mini kai tsaye shi Turanci ba ya shiga kansa. Na ce ya lissafa mini kayan da suke aiki da su a gareji. Ya fara: birki, filogi, kuloci, taya, batir, sifana. Ina rubutawa a gefe ɗaya na allo, a ɗaya gefen ina rubuta asalinsu na Turanci. Da ya ga "brake" a gaban birki, "plug" a gaban filogi, sai ya yi shiru yana duban allon, can ya ce, "Malam, ashe wasali muke cusa musu a tsakiya." Shi da kansa ya gano abin da nake shirin bayyanawa, wato Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, sai ta raba su da wasali, kamar yadda ta yi wa burodi da firamare. Na sa shi ya fito ya yi wa aji bayani, da Hausa tukuna, sannan muka taru muka gina bayanin cikin jimloli uku na Turanci. Wannan ne karo na farko da na ga rubutunsa ya wuce layi biyu.

Nahawu ma haka yake. Yaro zai rubuta "my father he came", a ja masa jan biro a wuce, gobe ya sake. Amma idan aka rubuta "Babana ya zo" a sama, aka tambaye shi aikin "ya", sai ya ga cewa Hausa ba ta barin aikatau ya tafi babu wannan ɗan rakiya, Turanci kuwa ba ya haɗa suna da wakilinsa a wuri ɗaya. Wanda zai fita ya ce "I am coming" ladabin "ina zuwa" ne ya ɗauko, wanda ya ce ya sha ƙwayar magani da kalmar shan ruwa, faɗin "sha" na Hausa ne ya bi shi. In an nuna wa yaro tushen kuskurensa, yakan kama kansa da kansa a karo na gaba, kuma nakan gan shi yana murmushi yana gogewa tun kafin in iso bencinsa.

Wani dattijon malami da muke aiki tare, wanda ya koyar tun kafin in shiga firamare, ya ja ni gefe wata rana a ofishin malamai. Ya ce, "Malam, na ji ana Hausa a ajinka. Yaran nan a gida Hausa, a kasuwa Hausa, a rediyo Hausa. Minti arba'in ɗin nan naka su kaɗai ne rabonsu na Turanci a yini, in ka raba su biyu me ka bar musu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, maganarka gaskiya ce." Kuma har yau ina ganin gaskiyarta, domin na san azuzuwan da malami yake karanta layi ɗaya na Turanci ya fassara shi, ya karanta na gaba ya fassara, yara su zauna suna jiran fassara kawai, Turancin yana wucewa ta saman kansu. Wannan cuta ce kamar ta farko. Saboda maganarsa na kafa wa kaina iyaka: da Hausa ake tambaya idan Turanci ya gagara, da ita ake warware ƙulli, da ita ake tattara tunani kafin rubutu, amma duk abin da zai hau takarda ko a tsaya a faɗa a gaban aji a ƙarshen darasi, da Turanci ne. A aji ɗaya Hausar tana da yawa, a aji biyu tana raguwa, a aji uku sai jefi-jefi.

Na kuma tuna masa wani abu da muke da shi a garin nan. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921 aka mayar Kaduna a 1938, ginin da yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi, ita ce ta yaye su Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda har yau ake misali da daɗin Turancinsa. Mutanen wancan zamani da Hausa suka fara karatun elemantare, sun iya karanta ta da rubuta ta sosai kafin a ɗora musu Turanci. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma yana matsayin darasi, shi ma ya nuna cewa yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Dattijon ya girgiza kai ya ce 'yan kwalejin kaɗan ne, zaɓaɓɓu, suna kwana a makaranta, ni kuwa ina da yara fiye da saba'in a aji. A nan ma bai yi ƙarya ba, kuma ba mu gama wannan muhawara ba har ya yi ritaya.

Inda na fi ganin amfanin hanyar shi ne insha'i. Da can in na ce a rubuta a kan babban aboki, sai in karɓi littattafai saba'in masu aboki iri ɗaya, mai tsawo ɗaya, mai son shinkafa da wake, domin an haddace rubutun ne daga wani ɗan littafin shirin jarrabawa. Babu kuskure a ciki, babu kuma yaron a ciki. Yanzu nakan ce kowa ya je gida ya tambayi wani babba yadda ake wani aiki, ko ya roƙi kakarsa labari. Washegari sai ajin ya cika da kaya: yadda ake surfa gero a daka a yi fura, yadda ake tsame awara, yadda ake ɗaure dami, labarin kokawar Korau da Sanau, abin da aka ce game da hasumiyar Gobarau. Su zauna biyar-biyar, kowa ya ba da nasa da Hausa, su zaɓi ɗaya, su jera matakansa, sannan su nemi kalmomin Turanci, ni kuma ina zagayawa da ƙamus guda ɗaya da muke da shi. Sukan yi gardama mai zafi a kan kalmar da ta dace da "surfe", su gano cewa ba kowace kalma ce take da 'yar'uwa a wani harshe ba, dole wani lokaci a yi bayani da jimla. Rubutun da yake fitowa cike yake da kurakurai, amma nasu ne, kuma akwai abin gyarawa a ciki.

Jan biro ma na rage masa aiki. Takardar da aka yi wa ja daga sama har ƙasa, yaro ba ya karanta ta, ninkewa yake yi ya tura ƙasan jaka. Nakan zaɓi abu ɗaya a mako, misali aikatau na abin da ya wuce, in gyara shi kaɗai, in ja layi a ƙarƙashin jimlar da ta fi kyau in rubuta kalmar yabo a gefenta. Littattafai saba'in sau azuzuwa uku ba ƙaramin kaya ba ne, musamman a zafin Afrilu, kuma akwai makon da nake kasa gamawa. Akwai kuma yara biyar ko shida a kowace shekara da sai na tsaya da su bayan an tashi, mu koma kan haɗa baƙi da wasali da kalmomin Hausa, domin rubutun Hausa ya fi na Turanci bin furuci, kuma wanda ya gane sirrin haɗa sauti a nan ya fi saurin jure rikicin rubutun Turanci. Ba dukkansu nake iya cetowa ba. Wasu talla ko gona takan janye su kafin mu kai ko'ina, kuma sunayensu suna nan a rajistata ina ganinsu.

Yarinyar nan ta bakin taga ta kai aji uku a hannuna. A zangonsu na ƙarshe muka shirya muhawara tsakanin azuzuwa a kan ko ya dace 'yan makaranta su riƙa talla, ta ce ita za ta jagoranci ɓangarensu. Ta kawo mini takardar shirinta in duba: gefen hagu hujjojinta ne da Hausa, a taƙaice, gefen dama kuma jawabin da ta gina a kansu da Turanci, an soke an sake rubutawa har sau uku. Na gyara mata aikatau biyu na mayar mata. Ranar muhawarar ta tsaya a gaban makaranta duka, ta yi minti huɗu tana magana ba ta duba takardar ba sai sau ɗaya, kuma da ta zo gode wa alƙalai a ƙarshe, na ga kan harshenta ya taɓa bakin haƙoranta na sama, daidai inda malamin Islamiyyarsu ya ce ya taɓa.